Daga Gwandu zuwa Kalgo a Kan Keke: Yadda Ake Shirya Tafiyar Yaƙi da Shan Inna

A ƙasar Gwandu keke ba abin kallo ba ne. Manomi na hawansa zuwa fadama, ɗalibi na hawansa zuwa makaranta, ba mai ɗaga kai ya dube su. Amma a jera kekuna ashirin, mahayansu sanye da riguna iri ɗaya, su shigo gari da hantsi fuska duk ƙura, a ce daga Gwandu suka taso kuma Kalgo suka nufa, nan take yara za su biyo su a guje, 'yan majalisar gindin dalbejiya su miƙe, mata su leƙo ta zaure. Wannan taron shi ne jarin tafiyar gaba ɗaya. Aikin mai shiryawa shi ne ya san yadda zai juya shi har ya zama ɗigo biyu a bakin yaro.

An sha gwada dabarar a duniya. A 2008, Ramesh Ferris, haifaffen Indiya da shan inna ta kama tun yana jariri, ya ratsa ƙasar Kanada daga gaɓar yamma zuwa ta gabas a kan keken da ake tuƙawa da hannu, tafiyar sama da kilomita 7,000. A 2022, Kunle Adeyanju, ɗan ƙungiyar Rotary a Legas, ya taso daga Landan a kan babur cikin watan Afrilu, ya iso Legas a ƙarshen Mayu, don a tuna cewa cutar ba ta ƙare ba. Su da duniya suke magana. Mu a Kebbi wanda muke son ya ji mu yana nan kusa: magidancin da ya ce kada a ƙara shiga masa gida da maganin ɗigo, da uwar da ba ta taɓa kai jaririnta asibiti ba. Don haka da yawan yaran da aka ɗiga wa da yawan gidajen da suka buɗe ƙofa za a auna tafiyarmu, kuma a kan wannan aka gina duk abin da ke tafe.

Ku san abin da za ku faɗa

Mahayin da aka tare da tambaya ya kama inda-inda ya fi wanda ya zauna gida yi wa aikin illa. Kafin a taka feda, kowa ya riƙe waɗannan da kyau.

Shan inna ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta ruwa ko abinci ko hannun da bayan gida ya taɓa, sannan ta hayayyafa a hanji. Ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Yawancin yaran da suka ɗauke ta ba a ganin komai a jikinsu, suna wasansu suna yaɗa ta. Kimanin ɗaya cikin 200 take shanye wa ƙafa ko hannu har abada, kuma cikin waɗanda ta shanye, 5 zuwa 10 cikin ɗari kan rasu idan ta taɓa naman da ake numfashi da shi. Gaɓar da ta riga ta shanye babu maganin da ke dawo da ita, sai dai gashi da motsa jiki da takalmin ƙarfe su rage wahala.

A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ɗaura aniyar kawar da ita, tana nakasa yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A Najeriya, a Jihar Borno aka ga yaran ƙarshe da ainihin ƙwayar ta kama, a 2016. Ranar 25 ga Agusta, 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Yau a Afganistan da Pakistan kaɗai take yawo.

To me ya rage mana? Maganin ɗigo yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, wadda ke koya wa jiki yaƙi. Yaron da aka ɗiga wa yakan fitar da ita a bayan gida na ɗan lokaci. A garin da kusan kowane yaro ya karɓi rigakafi, ba ta samun inda za ta sauka, sai ta mutu. A garin da aka bar yara da yawa ba rigakafi, kuma ake bayan gida a fili, takan yi ta tsallakawa daga wannan yaro zuwa wancan wata da watanni har ta rikiɗe ta dawo da ƙarfinta. Wannan rikiɗaɗɗiya ita ce ta nakasa yara sama da 400 a Najeriya a 2021, kuma tun daga nan Kebbi na cikin jihohin da aka fi ambata, tare da Sakkwato, Zamfara da Katsina. A Maris ɗin 2021 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon maganin ɗigo da aka gyara don ya yi wuyar rikiɗewa. Ku faɗi wannan a fili, kada ku ɓoye. Yaron da aka tsallake take kamawa, wanda ya karɓi nasa cikakke ya tsira.

Ƙofofi huɗu kafin a tashi

Da ɗan gari akan ci gari. Wata biyu kafin ranar tashi, a kai takarda da ƙafa wurare huɗu.

Ta farko hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Jihar Kebbi, daga nan a sauka wurin daraktan lafiya da jami'in rigakafi na ƙananan hukumomin Gwandu, Birnin Kebbi da Kalgo. Ku roƙe su abu uku: ranakun zagayen rigakafi mai zuwa, sunayen unguwanni da ƙauyukan da aka fi samun tirjiya ko yaran da ba a taɓa yi wa ko ɗaya ba, da ma'aikatan da za su biyo ku da magani cikin akwatin sanyi. Mahayi ba ya ɗaukar magani, ba ya ɗiga wa kowa. Zafi na lalata shi, kuma wanda aka horar ne ya san duba tambarin jikin kwalba ya gane ko ya lalace.

Ta biyu fada. Gwandu, Birnin Kebbi da Kalgo duk ƙasar Masarautar Gwandu ce, saboda haka a fara da fadar Mai Martaba Sarkin Gwandu, Alhaji Muhammad Iliyasu Bashar, a Birnin Kebbi. Umarni in ya fito daga can zai gangaro wurin iyayen ƙasa, hakimai da masu unguwanni tun kafin ku iso. Sarakuna ba baƙi ba ne a wannan aiki. Tun 2009 sarakunan Arewa ke da kwamitinsu na lafiya a matakin farko bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, kuma Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya jima a sahun gabansa.

Ta uku malamai. Gwandu garin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ne, nan hubbarensa yake, kuma maganar malami tana da nauyi a ƙasar. Ku ziyarci limaman Juma'a na kowane ɓangare ba tare da fifita wani ba, haka shugabannin coci inda suke. Liman ya ambaci zuwanku a huɗuba mako guda kafin ku iso ya fi takardar manne ɗari.

Ta huɗu jami'an tsaro: 'yan sanda, jami'an kiyaye haɗurra da 'yan sa-kan gari. Su suka san hanyar da ke da lafiya a wannan makon. In suka ce a kauce wa wani ƙauye, a kauce.

Abu ɗaya ku kiyaye tun daga nan: kada hular jam'iyya ko hoton ɗan takara ya shiga ayarin. Ranar da aka ce tafiyar ta wane ce, rabin gari ya rufe ƙofa.

Hanya da lokaci

Daga Gwandu zuwa Kalgo ta Ambursa da Birnin Kebbi ba ta kai kilomita 100 ba. Saurayi mai ƙarfi zai gama ta a yini guda, amma wanda ya yi haka motsa jiki kawai ya yi. Ku raba ta kwana huɗu, kilomita 20 zuwa 30 a rana, kuna ratsewa daga kwalta zuwa ƙauyukan da jami'in rigakafi ya lissafa muku. A ɓangaren Gwandu akwai mazaɓu irin su Dalijan, Kambaza da Gulmare. A ɓangaren Kalgo akwai Diggi, Zuguru da Nayilwa. Masu ƙarfi da lokaci na iya zarcewa Jega da Aliero. Mutum biyu su fara bin hanyar a kan babur, su auna nisa, su ga inda yashi yake, inda ruwa yake, da inda za a kwana. Kada a manta da rugage. A nemi arɗo tun da wuri, a tafi da mai jin Fulatanci.

Ranar 24 ga Oktoba ita ce ranar yaƙi da shan inna ta duniya, kuma 'yan jarida na neman labari a makonta. Sai dai lokacin kaka ne, magidanta na gona da rana, don haka taronku ya zama na yamma. Abin da ya fi kome shi ne tafiyar ta faɗo kwana kaɗan kafin zagayen rigakafi ko a cikinsa. Nuwamba zuwa Janairu sun fi daɗin tuƙi. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take kaɗowa, don haka mai tasowa daga Gwandu ya nufi yamma, sannan ya karya kudu zuwa Kalgo, galibi iska na bayansa. Ku guji Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura maki 40, ku guji watan azumi.

Tsarin yini: a tashi bayan asuba da gari ya waye, a yi tuƙi zuwa hantsi, a sauka a huta har la'asar, a yi babban taro da yamma. Magariba ta same ku a masauki.

Mahaya da kekunansu

Mutum 15 zuwa 25 sun isa. Fiye da haka ciyarwa da kula da su a titi zai cinye hankalin shugabanni. A nemo su daga garuruwan da za a ratsa, domin kowane zango a samu wanda za a ce "ai ɗan wane ne". Ɗaliban Jami'ar Tarayya da ke hanyar Kalgo zuwa Bunza da na makarantun koyon aikin lafiya za su yi amfani. A yi atisaye na mako shida: sau uku a mako, a fara da kilomita 10, a ƙara sannu a hankali har a iya yin 30 kwana biyu a jere. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna.

Ba sai an sayi keken tsere ba. Keken gida mai ƙwari ya fi dacewa da hanyar ƙauye, kuma kowane mai gyara ya san shi. A duba birki gaba da baya, a sa wa sarƙa mai, a ɗaure feda, a daidaita sirdi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa idan feda ta sauka, a canza tayar da ta suɗe. A ɗauki mai gyara guda ya bi ayarin da famfo, kayan faci, sifana da tayoyin ajiya, domin ƙaya ba ta ƙarewa a gefen gona. Kowa ya sa hular kwano da riga mai ƙyalli. A titi a jeru ɗaya bayan ɗaya a hannun dama, babur a gaba, mota a baya ɗauke da ruwa, kayan taimakon gaggawa da ma'aikacin lafiya. A sha ruwa tun kafin ƙishi, aƙalla rabin lita a awa, a tanadi ruwan gishiri da sukari. Wanda ya fara jin jiri ko ciwon kai ya sauka ya shiga mota, babu abin kunya a ciki.

Waɗanda shan inna ta taɓa su ne suka fi kowa haƙƙin magana. A gayyace su tun zaman farko a matsayin masu shawara, a ba su jagorancin ayari idan an zo shiga gari, su yi kilomita ɗaya ko biyu na ƙarshe a kan kekunansu na hannu. Kada a mai da su abin nuni ko abin tausayi, kada a ɗauki hotonsu sai da yardarsu. Kano ta nuna abin da za su iya: Aminu Ahmad Tudun Wada da abokansa na ƙera kekunan guragu, Misbahu Lawan Didi kuma ya ƙirƙiro ƙwallon da ake bugawa a kan allo mai taya. Magidanci zai iya musu da ɗan jami'a, amma da wuya ya yi musu da wanda ya ce masa, "Baba, da an ɗiga mini, da ƙafata zan zo maka."

Yadda ake sauka a gari

Nan ne ake cin riba ko a yi asara. Ku sauka daga kan kekuna tun daga bakin gari, ku tura su da hannu zuwa ƙofar hakimi. A cire hular kwano, a yi sallama, a durƙusa a yi gaisuwa yadda aka saba: "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne daga Gwandu, mun zo neman albarka da izinin magana da jama'arka." Mai gari ne zai fara magana, liman ya yi addu'a, sannan ku. Jawabinku kada ya wuce minti goma. A bar sauran lokacin ga tambayoyi.

Tun kafin a fara, ma'aikatan lafiya sun shimfiɗa teburinsu a inuwa inda kowa ke gani. Idan mai gari ya fito da ɗansa ko jikansa aka fara ɗiga masa a bainar jama'a, aka shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsan hagu, rabin aikin ya ƙare. Ku roƙi wannan a keɓe tun kafin ranar, kada ku yi masa ba-zata a gaban mutanensa.

Maza ba sa shiga gida, alhali yaran na ciki. Saboda haka ayari ba ya cika sai da mata. A kowace mazaɓa akwai matan sa-kai masu wayar da kai gida-gida, akwai ungozomomi, akwai malaman Islamiyya mata. Yayin da maza ke ƙofar fada, su suna ciki suna magana da iyaye mata, suna duba katin rigakafi. Su tuna wa kowace uwa cewa ɗigon ƙofar gida ƙari ne a kan na asibiti: ɗigo ranar haihuwa, sannan a mako na 6, na 10 da na 14, haɗe da allurar shan inna da ake yi tare da su. Duk kyauta ne.

A kowane zango ku yi wannan tambaya: akwai yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da ƙafarsa ko hannunsa ya saki farat ɗaya? In akwai, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar. Ana ɗaukar bayan gidan yaron sau biyu, da tazarar awa 24, cikin kwana 14 da fara ciwon, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Iyaye da yawa na ganin irin wannan ciwo aikin iska ne, sai su fara kai yaro wurin mai magani, wanzami ko maɗori, kuma Aliero ta yi suna a ɗori. Kada ku yi wa waɗannan mutane kallon abokan gaba. Ku ziyarce su da girmamawa, ku bar musu lambar jami'in, domin su ke fara ganin yaron.

Tambayoyin da za ku sha

"Kullum sai a zo a ɗiga, ba ya isa ne?" Amsa: kowane ɗigo ƙarin ƙarfi ne, kuma yaron da ke fama da gudawa ko ƙarancin abinci jikinsa ba ya kama maganin da wuri, sai an maimaita.

"An ce yana hana haihuwa." Wannan magana ce ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano a 2003. An yi gwaje-gwaje, aka dawo da shi a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya, amma a sanadiyyar dakatarwar cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 cikin 'yan shekaru. Yaran da aka ɗiga wa a wancan lokaci yau da yawansu na goye da nasu. Alhazanmu ma sai sun karɓi wannan rigakafi, domin Saudiyya ta shardanta shi.

"Zazzaɓi na kashe mana yara ba a kawo magani, asibitinmu ba ma'aikaci, sai wannan kaɗai?" Wannan ƙorafi gaskiya ne, kada ku musa. Ku ce, "Baba, maganarka dutse." Ku rubuta shi a gabansa, ku kai inda ya dace, amma kada ku yi alkawarin rijiya ko taki da ba ku da ikon cikawa. In hali ya yi, a haɗa zangon da gwajin zazzaɓin cizon sauro da awon ciki. Sannan ku roƙe shi kada ya hukunta ɗansa saboda laifin hukuma.

Wanda ya ƙi bayan duk wannan, kada a yi masa tsawa ko gori. A gode masa, a bar maganar a hannun mai unguwa da liman.

Kuɗi da amana

A nemi gudummawa a kan kilomita: ɗan kasuwa ya ce zai ba da kaza a kan kowace kilomitar da aka taka. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku, a fayyace tun farko abin da za a kashe a tafiya da abin da za a yi da saura. Abin da ya fi kusa shi ne sayen kekunan hannu ga waɗanda cutar ta nakasa a garuruwan da aka ratsa. Wanda ke son kuɗinsa ya shiga asusun duniya ya bi ta Rotary, wadda ke wannan yaƙi tun 1985, kuma Gidauniyar Gates na ɗora dala biyu a kan kowace dala da ta tara. Kada a biya uba kuɗi don ya yarda a ɗiga wa ɗansa, domin zagaye na gaba zai jira a biya shi.

Bayan an sauka

Kowace yamma marubucin ayari ya karɓi alƙaluma daga ma'aikatan lafiya: yara nawa aka ɗiga wa, nawa ne na karon farko, gida nawa ya ƙi, gida nawa ya sauko. A ranar rufewa a Kalgo a karanta su a bainar jama'a tare da lissafin kuɗi, a aika wa gidajen rediyo, a miƙa kwafi ga fada da hukumar lafiya haɗe da ƙorafe-ƙorafen da aka tattaro.

Sannan a raba garuruwan tsakanin mahaya, kowa ya ɗauki wanda ya fi kusa da shi. Bayan wata guda ya koma shi kaɗai, ya gaida mai gari, ya tambayi matan sa-kai ko jariran da aka haifa bayan wucewarku sun je asibiti, ya sanar da su inda ƙorafinsu ya kai. A zagayen rigakafi na gaba ya kasance a ƙofar fada tun da safe. Jariran da za a haifa a Dalijan da Diggi a watan gobe ba su ga ayarinku ba, kuma su ma suna buƙatar nasu ɗigon. Ku sa ranar komawa a takarda tun kafin ku sa ranar tashi.